Malam Sule, Wanda Ya Sauke Daularsa Da Hannunsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina fakin a bakin wurin aiki Hajiya Maryam ta kira ni, ta ce maigidanta Malam Sule ya cika bayan sallar asuba.

Na daɗe zaune a motar ban iya kashe ta ba.

Ga waɗanda ba mutanen Greensboro ba, garin da muke zaune a nan ƙasar waje: Malam Sule malamin tarihi ne a wata sakandare a nan har ya yi ritaya. Shi ya kafa ƙungiyarmu ta masu jin Hausa, Musulmi da Kirista, shi kuma ya buɗe ajin Asabar inda yaranmu ke koyon Hausa. Rabinmu shi ya ɗauko daga filin jirgi ranar da muka sauka ƙasar nan, har da ni.

Kuma duk wanda ya san shi ya san cutarsa: tarihin ƙasar Sin. Ka tambaye shi inda ake samun garin tuwo mai kyau, sai ka tsinci kanka a daular Tang.

Shi ya koya min tuƙi, a wani filin fakin da ke Sedgefield. Kun san ni da gaggawa, ƙafata ba ta barin totur. Sai ya riƙe ƙofa ya ce, "Rakiya, daular Qin ta haɗa ƙasa guda da ƙarfin tsiya, ta sa talaka aikin dole, sarkinta na farko na mutuwa ta kife. Han ta zo ta sassauta, ta yi kusan shekara ɗari huɗu. Don Allah ki tuƙa ni irin na Han."

Na ce, "Malam, lasin nake nema ba digiri ba."

Ya ce ai duka biyun zan samu, kuma kyauta.

To, ni ɗin nan da ya ɗauko daga filin jirgi, ni na tsaya takara da shi. Ba na kunyar faɗa, shi ma bai taɓa son a ɓoye ba.

Malam ya daɗe a kan shugabanci, shekaru sun ja, abubuwa sun fara lalacewa. A ɗakin ƙasa na wani tsohon gini muke ajin Asabar, muna ta ƙorafin yana yoyo, dattawan da ke kewaye da shi suna ce masa komai lafiya. Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi ƙarshen bazara, ɗakin ya cika, littattafan yara da tabarmi duk suka jiƙe. Iyaye suka daina kawo 'ya'yansu. Nawa biyu dama ina yi musu Hausa suna mayar min da Turanci, ajin nan kaɗai ne inda suke buɗe baki. Ina kallo abin zai mutu.

Muka ce a yi zaɓe. Matasa suka ce ni.

Nan fa aka ja daga. Alhaji Mudi, aminin Malam kuma babba a cikin dattawa, ya rantse a gurup ɗinmu na waya cewa in yarinyar da ta zo jiya ta hau, su za su ware su kafa tasu ƙungiyar, su tafi da Malam. Baba Yakubu, wanda ke magana da yawun iyalan coci, ya ce su ba za su zaɓi ɓangare ba, in aka rabu kowa ya zauna gidansa. Mu duka nawa ne a garin nan? In muka rabu biyu, babu ɓangaren da zai iya riƙe aji.

Ranar mitin na tafi da maganganu cike da ciki, na shirya faɗa sosai. Malam bai ba ni dama ba. Ya miƙe kafin kowa.

Ya ce, "Mutanen Sin na dā suna cewa mulki amana ce daga sama. Mu mun san mulki na Allah ne, amma ku ji alamomin da suke dubawa. In babban koginsu ya fasa gaɓa, rumbuna suka bushe, manoma suka taso da fartanya, to sun san an ɗauke amanar daga gidan nan an kai wani." Ya ɗaga yatsa. "Ruwa ya ci ajinmu. Yara sun watse." Sai ya nuna ni. "Ga kuma manoma sun taso."

Aka fashe da dariya, har ni da na zo da fushi.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce wanda ya kafa daula ya san yunwa, ya san rana, amma a hankali gidan sarauta ke shigewa bayan katanga, sai abin da fadawa suka faɗa ake ji. "Ni ma na shige bayan katanga ban sani ba," in ji shi. Ya juya wajen amininsa. "Alhaji, da Han ta faɗi ƙasar ta rabu uku, aka yi ta yaƙi, talaka ne ya sha wuya. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane wannan, ina ba su maki a kai. Ba zan zo in faɗi jarrabawar da ni nake shiryawa ba."

Ya janye takararsa a wurin. Ya zaro makullin ajin daga aljihu ya ajiye a gabana.

Wallahi ban taɓa jin nauyin mutum ya kama ni irin na ranar ba. Ban kuma taɓa alfahari da wani Bahaushe a ƙasar nan kamar yadda na yi da shi ba.

Alhaji Mudi ya fice bai yi sallama ba. Daga baya muka ji ya je har gida yana lallashin Malam ya zo ya shugabanci sabuwar ƙungiya. Malam ya ba shi shayi, ya ce shi yana da shugaba.

Asabar ta farko a sabon ɗakin da muka samu, na iso da wuri don in jera kujeru. Na tarar an jera. Malam na tsaye da tsintsiya, ya ce, "Shugaba, wane aji za ki ba ni?" Na ba shi na ƙanana. Tsoho da furfura zaune a ƙasa yana koya wa yara ƙirga da sunayen dabbobi, in sun gaji ya ba su labarin sarkin Sin da ya ƙi jin magana.

Da dattawan suka ga haka, ina za su je? A hankali suka dawo ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu a gaba. Alhaji Mudi ma ya dawo, amma bai taɓa ce min shugaba ba. "Ke yarinya" nake a bakinsa, ni kuma ina amsawa, tunda dai yana zuwa.

Makon jiya na je gaishe da Malam a gidansa na Pleasant Garden. Na same shi a bayan gida a kan kujera yana kallon kuɓewa da yakuwar da ya shuka, jikin ya yi sanyi amma bakin na nan. Ya sa Hajiya ta tsinko min yakuwa cike da leda.

Ina shirin tashi ya ce in zauna. "Akwai al'adarsu guda da ban gaya miki ba. Daular da ta hau ita ke rubuta tarihin wadda ta sauka. Qing ce ta rubuta na Ming. To nawa yana wuyanki. Kada ki yi min kwalliya, ki sa ruwan da ya ci ajin."

Na ce, "Haba Malam, wace irin magana ce wannan?"

Ya ce, "Ki sa shi. Ke ma kuma ki dinga leƙa kogi."

Shi ya sa kuka ga na sa. Cika umarni nake yi.

Ɗazu na dawo daga gidan. Motoci har kan titi, Baba Yakubu da samarin cocinsu ne ke nuna wa mutane inda za su yi fakin. Yaran ajin Asabar suka shigo a jere, suka durƙusa gaban Hajiya Maryam. Ɗana ƙarami, wanda ko ruwa da Turanci yake roƙo, na ji shi da kunnena yana ce mata, "Mama, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam." Nan ne hawayen da na riƙe tun safe suka zubo.

Ina tsaye a bakin ƙofa sai ga Alhaji Mudi, idonsa jawur, dattawa a bayansa. Ya tsaya a gabana, kowa na ji, ya ce, "Shugaba, mu za mu wuce maƙabarta. Baƙi da abinci da sauran tsari, yadda kika ce haka za a yi." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma ajin ƙananan nan, in ba ki samu wani ba, ni zan karɓa ran Asabar."

Na ce masa na ba shi.

Ya Allah, ga bawanKa Sule ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowace kalmar Hausa da ta fito daga bakin yaran nan ta zama haske a gare shi. Ka ba Hajiya Maryam da 'ya'yansa haƙuri, Ka bar mu a haɗe kamar yadda ya bar mu.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba.