Tankari da Ƙwallayensa Masu Sa Hannu

Tankari mutumin Maraɗi ne, dillalin wandon jins a garin Xintang na ƙasar China. Bai taɓa kallon wasan besbol na Amurkawa ba, amma a 1998 ya kamu da son ƙwallayensa. Wani tsohon ɗan China mai shagon tarkace a bayan titin Guangyuan ne ya nuna masa wata ƙwallo da ta yi ruwan ƙasa, da sa hannu a jikinta, ya ce wani gwanin Amurka ne ya rubuta tun kafin yaƙin duniya na biyu. Tankari ya saya. Kafin shekara ta zagayo yana da goma sha ɗaya, jere a kan kabad.

Abokinsa Badamasi, Bakano, yakan ce, "Alhaji, mutane na tara filaye, kai kana tara ƙwan jimina."

Matarsa Balki ce ta fara tona asiri. Tana share ƙura ta shinshina ɗaya, ta ce, "Maigida, wannan tsohuwar taka ai ƙanshin ganyen shayi take yi. Jiƙa ta aka yi."

Kwana biyu bai yi mata dariya ba. A na uku ya sayo gilashin masu gyaran agogo, ya zauna bakin taga. Mahaifinsa marubuci ne, shi kuwa ya taso yana dama masa tawada, sai abin da ya koya a wurinsa ya riƙa dawo masa. Mai rubuta sunansa ba ya tsayawa tunani, alƙalami gudu yake yi. Mai kwaikwayo kuwa yana ɗaga hannu ya leƙa, tawada ta taru a inda ya tsaya. Tsohuwar tawada tana shiga fata ta dushe, ba ta zama a sama tana ƙyalli. Da ya haɗa ƙwallaye biyu masu suna ɗaya, sai ya ga ko ɗigo bai bambanta ba.

"Ko ni ban taɓa sa hannu iri ɗaya sau biyu ba," in ji shi.

Goma suka faɗi jarrabawa. Ɗaya ta tsira, ta wani ɗan wasa da babu wanda ya san shi balle ya ɓata lokaci wajen kwaikwayon sa hannunsa.

Ya kwashi goman a leda ya koma shagon. "Laoban," ya kira tsohon kamar yadda ake kiran mai shago, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna masa aibunsu. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo wata durowa, ya fito da sababbi guda shida. Ya ce surukinsa ne ke rubutawa, ko Tankari zai duba ya faɗi wadda ta fi kyau?

 Tankari ya ciro gilashinsa, ya duba su duka, ya nuna ta huɗu.

"Wannan da dama-dama. Amma ka ce masa ya rage tsoro."