Tsuntsuwar Cikin Rigar Yaya

A gidanmu in ana lissafin matsorata, da Yayana ake farawa. Kare ya yi haushi a bayan layi, Yaya ya canza hanya. Allurar likita kuwa, ko a hannun wani ya ga ana yi sai ya nemi wurin zama, alhali shi tela ne, allura na hannunsa safe da yamma. Ni ƙanwarsa ce, kuma tun muna yara ni nake shiga gaba in za mu wuce ƙofar gidan da ke da kare.

Ɗinkin ne ya kai shi ga tsuntsaye. Wasu masu bincike daga jami'a sun kafa sansani a bakin tafkin da ke bayan gari, suna nazarin tsuntsayen nan masu ƙetare hamada da teku, su zo su yi 'yan watanni su koma. Raga suke kafawa tsakanin sanduna, siririya kamar gashi. In tsuntsu ya faɗa sai su cire shi, su auna, su sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su sake shi. Duk ƙasar da aka sake kama shi, lambar za ta faɗi inda ya biyo. Wata rana ragarsu ta yage aka kawo wa Yaya gyara. Malama, shugabar aikin, ta tsaya tana kallon yadda yatsunsa ke warware zaren da ya cukurkuɗe, ta ce gobe ya zo ya gwada cire mata tsuntsu. Tun daga nan keken ɗinki ya zama na ranar hutu, unguwa kuma ta raɗa masa Mai Zobe.

Abin mamaki, mutumin da hannunsa ke rawa in an buga ƙofa da ƙarfi, a gaban raga ko gezau. Duk tsuntsun da ya cire sai ya sa shi cikin 'yar jakar ƙyalle mai zuge, wadda shi da kansa ya ɗinka musu, ya ɗaure bakinta. Jaka a ɗaure, da rai a ciki ke nan. In kuma raɓa ko ruwan sama ya jiƙa tsuntsu har ya fara sanƙarewa, suna da dabararsu: a cusa jakar cikin riga, a kan fatar ƙirji, ɗumin jiki ya dawo da shi. Yaya ya yi haka ya fi a ƙirga, har ya zame masa kamar sosa kai.

'Ya ɗaya Allah Ya ba shi, bayan dogon jira, muna kiranta 'Yar Baba. Ba ta shiga makaranta ba lokacin. Da ta ji ƙarar babur ɗinsa za ta kwasa a guje ta ɗale ƙirjinsa, sannan ta hau binciken aljihu, ko an taho mata da alewa.

Sai ga shekarar da agwagin ruwa suka fara mutuwa a tafkin. A wayi gari a gan su a gefen ruwa, wuya a murɗe. Malama ta tara ma'aikata ta ce ana zargin murar tsuntsaye ce, kuma takan kama mutum, in ta kama ba ta wasa. Aka raba safar hannu da takunkumi. Rigar aiki da takalma a sansani za su riƙa kwana. Ta ce musu, "Ko gashin tsuntsu ɗaya kada ya bi ku gida." Abin nema ya samu ga matsoraci. Yaya ya dinga wanke hannu har fatar ta fara saɓulewa, mu kuma muna yi masa dariya.

Ranar da abin ya faru, hadari ne ya taso musu da hantsi ba shiri, ragogi cike da tsuntsaye. Tsuntsun da ruwa ya daka a raga mutuwa yake yi, don haka kowa ya ruga yana cirewa yana naɗe raga. Yaya ya ciro wata 'yar mitsitsiya, ruwan ƙasa-ƙasa, ta jiƙe sharkaf. Hannunsa ya sa ta a jaka, ya cusa cikin singileti, ya wuce raga ta gaba. Ba ta fi cokalin sukari nauyi ba. Da aka tashi ya tuɓe rigar aiki, ya wanke hannu, ya tsoma takalma a ruwan magani, ya bi doka tsaf, ya hau babur da ita a ƙirji, ya manta da ita sam.

Ina gidan lokacin, matarsa ta tafi kasuwa ta bar mini yarinyar. Ya shigo a jiƙe, ya ce wa 'Yar Baba kada ta taɓa shi sai ya yi wanka. Ya cire riga da singileti a haɗe, ya jefa kan kujera, ya shige banɗaki. Ni kuma ina tsakar gida ina kwashe shanya. Can na jiyo ta tana hira da wani a ɗaki, irin muryar da take yi wa 'yar tsanarta. Na leƙa. Tana zaune a ƙasa, jakar a kwance a cinyarta, ta manna tsuntsuwar a kumatu tana hura mata iska a baki.

"Goggo, barci take yi. Ta ƙi tashi."

Kan tsuntsuwar na reto. Ban san na kira sunan Yaya da ƙarfi haka ba sai da na gan shi a bakin ƙofa da kumfa a kunne. Ya dubi yarinyar, ya dubi jakar, ya dafa ƙirjinsa daidai inda ta zauna. Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum irin haka ba.

Ya wanke ta da sabulu, fuska da baki da hannu, har ta fashe da kuka. Sannan ya yi abin da ya saba yi a sansani, inda ba a yar da mataccen tsuntsu: ya naɗe gawar a leda, ya ƙara wata ledar, ya sa a gwangwani ya rufe, ya tura can ƙuryar wurin ƙanƙara a firij.

"Yaya, a kira Malama," na ce.

"Ki rufa mini asiri, ƙanwata." Ya rufe ƙofar firij. "Ɗauke yarinyar za su yi. Killace ta za su yi inda ba zan gan ta ba. Wataƙila ba komai. Mu ɗan jira."

Ban kira Malama ba, don ni ma tsoron ya kama ni. Kwanakin da suka biyo baya Yaya bai ci abin kirki ba. Motsi kaɗan ya kai bayan hannu goshin yarinyar. In ta yi atishawa sai ya miƙe tsaye. Matarsa ta ce, "Wai Baban 'Yar Baba, yaushe ka zama likita?" Ya yi yaƙe. Duk sanda ta buɗe firij, idonsa na kan hannunta.

Sai wata safiya jikin yarinyar ya yi zafi rau, ga tari. Uwar ta ce zazzaɓin sauro ne, damina ce. Muka kai ta asibiti mu uku. A kan benci Yaya ya rungume 'yar. Da muka shiga, likita ya saurari ƙirjinta, ya tambayi yaushe ta fara, ya ja takarda zai rubuta magani. Na dubi Yaya. Leɓensa na motsi, magana ta ƙi fita. Na taka masa ƙafa iya ƙarfina.

"Likita," ya ce, "a tafki nake aiki, wurin tsuntsayen nan da ke mutuwa. Ta taɓa matacciya. Ta kai ta baki. Ni na kawo ta gida."

Likita ya ajiye biro, ya jawo takunkumi ya sa. Matar Yaya ta juyo a hankali ta dube shi, kallon da har yau ba na son tunawa. Kafin ka ce kwabo an kai yarinyar wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai tagar gilashi, an sa wa uwar riga da safar hannu ta bi ta. Mu aka ce mu tsaya waje, mu ma sai an gwada mu. Da ma'aikaciyar jinya ta zo da allura, Yaya ya miƙa hannu yana tsaye, bai ma san an soka ba. Da ɗaya hannun yake kiran Malama a waya.

Ta zo da kanta. Na zaci za ta wanke shi tas, shi ma ya sunkuyar da kai yana jira. Tambaya ɗaya ta yi: "Ina gawar?" Da ya ce tana firij, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ƙananan tsuntsaye irin wannan ba su cika ɗaukar cutar ba, amma ba za ta ba shi tabbacin da ba ta da shi ba. Ta karɓi makulli ta je ta ɗauki gwangwanin zuwa ɗakin gwaji.

Jiran nan shi ne abu mafi tsawo da na taɓa yi. Yaya ya kafe a jikin tagar. In zazzaɓin ya ɗan sauka, 'Yar Baba ta hango shi, sai ta miƙo hannu biyu tana kuka ya zo ya ɗauke ta. Shi kuma ya manna tafinsa a gilashi. Duk tarin da ta yi, sai ya runtse ido kamar shi aka daka. Na ce ya zauna, ya ce mini, "In wani abu ya same ta, da hannuna na kai mata har ɗaki."

Sakamakon ya zo da rana tsaka. Yarinya ba ta da cutar, ciwon ƙirji ne irin na yara, kuma ya fara jin magani. Tsuntsuwar ma ba a sami cutar a jikinta ba. Yaya ya sulale ya zauna a ƙasan baranda, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, mutane na ratse shi suna wucewa.

Da ya natsu ya tambayi Malama, to me ya kashe ta? Ta ce zafi ne da rashin iska, ta daɗe a cikin rigar. Ta buɗe tafin hannunta, ga ɗan zobe, ya dushe don tsufa. A ƙafarta aka same shi, cikin gaggawar ruwan nan bai lura ba. Lambar ta sansaninsu ce, kuma shi ya sa mata, shekarun baya. Ya juya zoben da ɗan yatsa.

"Ta je ta dawo, ta je ta dawo," ya ce. "Hamada ba ta ci ta ba, teku bai ci ta ba, sai ƙirjina."

Ranar da aka sallami 'Yar Baba, ana buɗe ƙofa ta kwaso a guje. Yaya ya ɗaga mata hannu ya ce, "Tsaya." Ta ja birki, ta yi turus. Ya shafa ƙirjinsa, ya leƙa cikin singileti, ya lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya, a asibitin da ko kaza babu. Sannan ya durƙusa ya buɗe hannu.

Bai bar aikin ba, har yanzu shi ke cire tsuntsaye a raga, kuma har yanzu yana canza hanya in ya ji kare. 'Yar Baba ta kusa kamo shi a tsawo. In ta ji babur ɗinsa takan fito bakin ƙofa, amma ba ta gudu. Tsayawa take yi da hannu a buɗe, tana jira ya gama shafa ƙirji.

"Baba, ba kowa a ciki?"

"Ba kowa," ya ce. "Zo."