Jegon da Inna Ta Yi Mini Ba Kanwa

Ina tankaɗe a tsakar gidana a Malbaza aka yi sallama. Maƙwabcinmu ne, direban motar siminti, ya kai kaya Illela ya komo. Mutum ne mai barkwanci, amma ran nan ya tsaya a bakin zaure yana tambayar maigidan. Na ce masa yana wurin aiki, ya faɗa mini ko mene ne. Ya dubi ƙasa ya ce, "Sai hanƙuri, Hadiza. Madam Rabi lokaci ya yi. Tun da hantsi anka kai ta." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai ta gama alwala ne ta miƙe, ta yanke jiki ta faɗi. Hawan jinin da ta yi shekara da shekaru tana auna wa jama'a, shi ne ya zama sanadinta.

Madam Rabi mahaifiyata ce. Ungozoma ce ta gidan likita a Illela, tana cikin 'yan matan farko da aka sa lakwal, wato makarantar boko, a garinsu, ta kuma yi aikinta har ƙarfinta ya ƙare. Tun da muka zauna makoki kowa ke kawo nasa: wannan ta karɓi haihuwarta, wancan ta ceci matarsa. Ni abu ɗaya nake son in rubuta, don a jikina ya faru, kuma a cikinsa na san ko wace ce ta haife ni.

A farkon shekarun tamanin akwai ciwon da ke ɗaukar mata masu jego a ƙasarmu. Mace ta haihu lafiya, a yi suna, a ci a sha. Kafin ta yi arba'in, ko bayanta kaɗan, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta kasa kwanciya sai a jingine. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta. Maganin sanyi kuwa sananne ne: a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara garwashi a ƙarƙashin gado, a ƙara wa kunu kanwa. Da yawa haka aka yi ta ƙara musu har suka tafi suka bar jarirai.

Wani likitan zuciya daga Yamai ya zo yana binciken abin. Zatonsa shi ne gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin wanka kuma yana wahalar da zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba. Namiji ba ya shiga ɗakin mai jego, don haka Inna ce ƙafarsa da idonsa. Ta bi ƙauyuka a kan amalanke, har Tajaye da gabanta, da ma'auni da abin awon tansiyo, wato hawan jini. Takan danna yatsa a ƙwaurin mai jego ta ga ko wurin zai lotsa, ta saurari ƙirjinta, ta ɗanɗana kununta, ta tsoma hannu a ruwan wankanta. Masu sayar da kanwa a kasuwar Illela in sun hango ta sai su ce, "Ga mai kashe muna kasuwa nan." Ita kuma ta ce, "Wanka ba ni hana ba, dahuwa ni hana."

Amma binciken ya zo ya cije. Ana bukatar a ga matan da suka yi jego ba kanwa, ba ƙuna, a gwada su da sauran. Ba uwar da ta yarda a fara da 'yarta. Kowa Inna ta roƙa sai ta ce, "Madam, ke tabbata?" Inna kuma ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi. Amsarta ɗaya ce: "Ba mu sani ba tukuna, dubawa mu kai." Da wannan amsa kuwa ba a samun ko mutum ɗaya.

Ana cikin haka cikina na fari ya tsufa, aka kai ni gida haihuwa kamar yadda ake yi. Ni ce 'yar farin Inna, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in ta ji daɗi ta ce "yarinyag ga". Bisa al'ada gwaggona ce za ta yi mini wanka, Inna ta kau da kai kamar ba ta san na haihu ba. Sai ga shi ran da na sauka ta ɗaura zane, ta ɗora tukunya da kanta. Ta sirka ruwan har gwiwar hannunta ta iya zama a ciki. Ta hana a sa wuta a ƙarƙashin gado. Ta dama kunu da tsamiya. Kafin suna gari ya ɗauka cewa Madam Rabi ta zubar da kara, ta ba likita 'yarta yana koyon aiki.

Surukata, Hajiya Abu, ta zo suna daga Malbaza da itacen jego da dunƙulen kanwa kamar kan jariri. Mace ce mai kirki, tana sona, kuma ta yi wa 'ya'yanta da jikokinta jego ba wadda ta mutu. Ta ɗauki ludayi ta kurɓi kununa, ta ajiye a hankali.

"Wanga kunu na mai jego na, ko na buɗa baki?"

"Na mai jego na, Hajiya," in ji Inna.

"In sanyi yas shige ta, in nono yaƙ ƙahe, wa za mu tambaya? Likitan Yamai?"

"Ni za ku tambaya."

Hajiya Abu ta ce to, ta ji. Ta ce ba za ta koma ba sai an yi arba'in, kuma ran da ta ga nono ya ja baya, ko ni na fara kumburi, za ta goya jikarta su tafi. Ta ajiye kanwar a kan faifai a bakin ƙofar ɗakina, inda zan riƙa ganinta.

Na ji tsoro, kuma na ji haushin Inna. In na yi tari sai gabana ya faɗi. Kullum da safe takan shigo, ta danna ƙwaurina, ta ɗaura mini abin awo, ta aza jaririyar a ma'auni, ta fita. Ko sannu ba ta cewa, kara ta hana. Hajiya Abu kuma na biye da ita da nata awon, ta ɗaga yarinyar tana jijjigawa a hannu tana taɓe baki. Na zama kamar akuyar da dillalai biyu ke tayawa.

Muna tsakiyar jego aka kawo wata mai jego gidan likita daga Tajaye a kan amalanke, a kumbure, tana haki. Inna ta bincika, sai ta tarar matar ba ta sha kanwa ba ko kaɗan, don tun tana da ciki take amayar da ita. Mijinta kuma ya tafi cin rani, ba itacen da za a tafasa mata ruwa. Wato ga mai jegon da ba kanwa, ba ƙuna, ciwon kuma bai ƙyale ta ba. Wata abokiyar aikin Inna ta ba ta shawarar ta ce wa likita matar ta sha kanwar a ɓoye, wa zai bincika? Inna ta ƙi. Ta gaya wa likita abin yadda yake. Sannan ta komo gida, ta kira Hajiya Abu ɗakina, ta faɗa mana duka a gaban juna, ba ta rage komai ba.

Hajiya Abu ta ce, "To, ke ji da kunnenki, Hadiza."

Inna ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Kanwa na ƙara ma ciwon ga, wagga na gani da idona, ba sau guda ba. Ko ita ɗai ka kawo shi, ba mu sani ba. Yau na ga ana yin shi ba ita. Ke, jikinki na, ɗiyarki ta. Ga kanwa can. In kinka ce a sa, a sa."

Na dubi faifan, na dubi jaririyata. Abin da ya zo mini a rai shi ne, da ta yi shiru ba mai sani, ni da surukata ba ma zuwa gidan likita. Ta ɗauko maganar da za ta iya rushe aikinta da mutuncinta ta kawo mana da hannunta. Wadda ta faɗi wannan, in ta ce ta ga kanwa tana cutarwa, to ta gani. Na ce, "A bar shi da tsamiya, Inna." Ta tashi ta fita.

Allah ya sa na yi arba'in garau. Nono har yana jiƙa mini riga, yarinya ta yi ɓul-ɓul. Matar Tajaye ma ta tashi, don an kawo ta da wuri an ba ta maganin da ke fitar da ruwa. Ran da za mu koma Malbaza, Hajiya Abu ta ɗaga jikarta ta jijjiga, ta daɗe ba ta sauke ba. Sannan ta dubi faifan ta ce, "Rabi, a ba shanu abin ga, kar shi lalace." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma daga bakin Hajiya Abu ba kaɗan ba ne. Bayan haka iyaye suka fara yarda ɗaya bayan ɗaya, binciken ya samu matan da yake nema. Har ta bar aiki Inna ba ta taɓa cewa an gano komai ba. Abin da take cewa shi ne a rage kanwa, a sirka ruwa, wadda ƙafarta ta kumbura a kawo ta ran nan, kada a jira. Mata da yawa suna raye a kan wannan magana, kuma ina alfahari da cewa da ni aka fara.

Bara da na je mata sallah, tana zaune tana gyaran wake, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe a raina. Na ce, "Inna, ran nan da na ce a sa kanwa hwa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da na dama miki da hannuna. In shiga ɗaki in yi kukana, in hito in auna ki."

Ya Allah, baiwarka Rabi ta zo gare ka. Ka san ta fi mu saninta. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya makwancinta. Ka sa kowace mai jego da ta tashi ta goya ɗanta ta dalilinta ta zama nauyi a mizaninta. Ka ji ƙan matan da ciwon nan ya ɗauka tun ba a san shi ba, ka raya abin da suka bari. Mu kuma 'ya'yanta da jikokinta, ka ba mu haƙurin rashinta, ka haɗa kanmu, ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ko da a kanmu za ta faɗo. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.