Toka a Gindin Tukunya

Har yau in na ji warin waya tana ƙuna, sai yatsuna su ƙage. Kada ku ce tsoron banza ne, ku tsaya ku ji.

Daminar da wutar lantarki ta iso unguwarmu a Kiru, ruwa ya hana itace bushewa. Baffa, ƙanin babana, ya zo daga Tudun Wada da hita ƙirar gida: faifan yumɓu, waya tsirara a naɗe a cikinsa, in ta ɗau zafi ta yi jajir. Ba hayaƙi, ba harshen wuta, sai wani siririn zuuu da ban taɓa yarda da shi ba.

Ya ce wa Kaka, "Inna, tukunya mai shafaffen gindi ake ɗorawa. Wannan taki ta dalma ba za ta zauna ba."

Ta ce, "Tukunyar da ta yi tuwon sunanka? Ita za ka koya wa zama?"

Baffa ya koma. Kaka kuwa ba ta ɗora tukunya sai ta kwaɓa toka da ruwa ta shafe gindinta, don kada baƙi ya kama. Haka ta taso ta ga ana yi. Wutar da ba ta hayaƙi ma sai da ta shafa mata.

Ranar da abin ya faru an yini ana yayyafi, daɓen ɗakin girki ya jiƙe, ƙafar Kaka ba takalmi. Ina tsugune ina gyaran zogale, ina kallon tukunyar tana rawa a kan hitar, gindinta ya nutse tsakanin wayoyi, jiƙaƙƙiyar tokar tana cuuu. Kaka ta kai hannu ta gyara mata zama.

Ba ta yi ihu ba. Abin da ya fi tsaya mini ke nan. Ƙamewa ta yi, baki buɗe, idonta a kaina. Na zabura zan riƙo ta, Ummata ta daka mini tsawa, "Kar ki taɓa ta!" Ta figi muciya ta doke filogin daga bango.

Kaka ta tashi, amma yatsunta biyu ba su ƙara miƙewa ba. A tsakaninsu take maƙale carbi har ta rasu.

Yanzu ina ɗakina, hitata mai rufaffen kai ce. A kasuwa ba ruwana da ƙyallin tukunya. Kan teburin mai kaya nake ajiye ta, in dangwale ta da yatsa. In ta girgiza, na wuce. Suna cewa na cika tsirfa. Su ce. Kuma ko daɓe a bushe yake ƙayau, ba na shiga girki ba takalmi.