Rabon Ungozoma

Duk ranar da na ji ƙamshin ganyen darbejiya a ruwan zafi, sai in tuno tsohuwar da ke ƙofa da ƙofa da mu a benenmu na unguwar Sentul, a ƙasar Malay. Lokacin Baba yana karatun digiri na uku, ya fita da sassafe sai yamma liƙis. Ni ina firamare, bakina ya fi sabawa da harshen Malay. Umma kuwa ba Turanci ba Malay, abokan hirarta taga da ruwan sama.

Tsohuwar Ba'indiya ce, 'yar firit, kullum cikin farin zanen nan nasu na sari, ga faɗan tsiya. Ban taɓa ganin baƙo a ƙofarta ba. Sai daga baya na san likita ce, cikin matan farko da suka yi wannan karatu a garinsu. Ita kaɗai ce mace a aji, kujerarta can baya, nesa da maza. Wanda aka yi musu baiko ya janye, wai ba zai auri mai taɓa gawa ba. Danginta suka daina cin abinci da ita. Ta hau jirgin ruwa ta taho nan, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen karɓar haihuwar matan ma'aikatan jirgin ƙasa. Ba ta yi aure ba.

Da Umma ta haifi ƙanina, kakarmu ba ta samu zuwa daga Kano ba. Ba mai yi wa Umma wankan jego. Ta daina ci, ta daina magana, jariri na kuka ita ma tana yi. Na ji tsoro ƙwarai, gani nake Umma za ta mutu ta bar mu a ƙasar mutane.

Sai ga tsohuwa ta ƙwanƙwasa. Mun ɗauka faɗa ta zo yi. Ta daɗe tana duban Umma, sannan ta ce in tambaye ta, da uwarta na nan me za ta yi mata?

Umma ta ce, "Wanka."

Washegari tsohuwar ta zo rungume da darbejiya, ashe mutanensu ma sun san ta. Amma likita likita ce. Ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta yi ta sirkawa, Umma na gunaguni, "Wannan ai ruwan wanke hannu ne." Kunun kanwa kuwa ta hana shi ƙememe. Ta kan tsaya a kan Umma da kwanon abinci tana cewa, "Makan lah," wato ki ci mana, ba ta gusawa sai ta ga an cinye. A hankali Umma ta dawo da dariyarta.

Ranar suna Umma ta ware cinyar rago, ta ce, "Rabon ungozoma ne, kai wa kakarku." Na kai wa tsohuwar, na fassara mata yadda na iya. Ta karɓa da hannu biyu.

Bayan mun koma gida da shekaru, karatu ya dawo da ni. Na sami tsohuwar a gidan tsofaffi a unguwar Cheras, idonta ya dushe. Nan mai kula da ita ta gaya mini tun da aka haife ta ba ta taɓa cin nama ba. Kunya ta kama ni, na tambayi tsohuwar yadda ta yi da namu.

Ta yi dariya. "Na sa a firji, in buɗe in duba. Na karɓi haihuwa ba iyaka, an biya ni, an gode. Amma ba gidan da ya taɓa ware mini rabo."

Yanzu an rushe benen, an tsayar da wasu dogaye masu gilashi, ba wanda ya san ta a unguwar. Ranar da ta mutu ba dangi ko ɗaya da ya zo. Na buga wa Umma waya. Sai na ji ta kira ƙanina: "Zo nan. Kakarka ta mutu."