Ruwan da Baba Ya Hana Ni Zubarwa

Baba yana wata na biyar a kwance aka kawo akwatin gilashi na kifin ado. Yayata ce ta matsa a saya. Wai wata mata a layin gashin ƙashi a asibiti ta gaya mata cewa mai shanyewar ɓarin jiki yana son abin da zai riƙa kallo, kada idonsa ya gaji da rufin ɗaki. Ban yi mata musu ba. A yadda nake a lokacin, ko jimina ta ce mu kawo masa, iyakaci in tambaye ta ta wace ƙofa za mu shigo da ita.

Baba marini ne. Rayuwarsa duka a bakin ramukan rini na Ƙofar Mata ya yi ta, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi da muciyar juya shuni a hannu. Ɓarinsa na dama ya mutu, magana ta ɗauke. Likita ya ce ba wanda zai iya sanin iya abin da yake fahimta. Ni ne namijin da ya rage a gidan, saboda haka ni ke masa wanka, in juya shi, in canza shimfiɗa kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, in na dawo in sake. Da farko nakan ɓuya a bayan gida in yi kuka. Daga baya kukan ya ƙafe, bai kuma bar min komai a gurbinsa ba, ko haushi babu. A wata na uku shunin da ya rine hannuwansa tun kafin a haife ni ya gama koɗewa. Na ga ainihin launin fatar hannun ubana karo na farko, na goge hannun da tawul na koma kan ɗayan.

Gaisuwa ma na daina. Ba shawara na yanke ba. Wata safiya ce kawai na shiga da bokiti ban durƙusa ba, washegari ma haka, shi ke nan. Yaya ce ta lura, ranar da ta zo da farfesu daga gidanta na Goron Dutse.

"Kai Malam, yanzu ko gaishe shi ba ka yi?"

Ina tsaye a ƙarshen gadon ina ninke zanin gado na ce, "Yaya, wa zan gaisar? Baba ai ya riga ya tafi. Gangar jiki muke wa hidima."

Ta dube ni, ta dubi Baba da idonsa ke kan rufi, ta ajiye kwanon ta fita. Ni kuwa na ƙarasa ninkina.

Bayan wannan da mako biyu ta tura ni wajen mai sayar da kifin ado. Ya haɗo ni da akwatin gilashi, da tsakuwa, da ciyawar roba, da wani ɗan inji mai soso da ke hura iska a cikin ruwa, da kifaye huɗu jajaye masu ruwan zinare a leda. Ya yi ta jero min sharuɗɗa kamar mai sallamar amarya. Ina gyaɗa kai, amma ko ɗaya bai zauna min ba. Na dawo na ɗora akwatin a kan tebur daura da gadon Baba, na cika shi da ruwan famfo, na juye kifin. Yaya ta yi ta murna, duk zuwan da za ta yi sai ta barbaɗa musu abinci fiye da ƙima, wai kada a ce mun bar baƙi da yunwa.

Kwana uku ruwan ya yi fari kamar wanda aka wanke shinkafa. To ni a watannin nan magani ɗaya na sani ga kowace matsala, wanki. Ranar Asabar na kwashe kifin a kwano, na zubar da ruwan tas, na sa soso da sabulu na dirje gilashin, na wanke tsakuwar har da soson injin, na tara sabon ruwa daga famfo na mayar da su nan take. Akwatin ya fito fes, sai ƙyalli yake. Da safe na tarar da ɗaya yana yawo a saman ruwa cikinsa a sama. Na tsame shi da cokali na jefa wa kyanwar maƙwabta.

Asabar ta gaba na sake, na biyu ya bi. Na ce lallai dattin bai fita ba, na ƙara sabulu. Na uku ya bi su. Duk lokacin da nake wannan aikin Baba yakan yi wani gurnani daga maƙogwaro, ni kuma sai in share hannu in juya shi ɗaya ɓarin, fuskarsa ga bango, don a zatona kwanciyar ce ta gundure shi.

Saura ɗaya, ƙaramin cikinsu, mai ɗigon baƙi a wutsiya. Ban damu da shi ba. Na riga na san zai mutu ranar Lahadi, har na fara tunanin abin da za a riƙa ajiyewa a akwatin idan ya zama fanko.

Asabar ta huɗu da hantsi na shigo da bokitin sabon ruwa da sabulu. Tsakanin gadon da teburin akwai ɗan lungu, ta nan nake bi. Ina miƙa hannu zan ɗauki kwanon kwashe kifi sai na ji an damƙe min tsintsiyar hannu. Hannun hagun Baba ne. Riƙon ba na majinyaci ba ne, na mutumin da ya shekara da shekaru yana juya rami da muciya ne.

"Baba, ruwa zan canza. Ka sake ni."

Bai sake ni ba. Ya ja hannuna ya nufi akwatin da shi, sannan ya kai shi wajen hancinsa. Sau biyu ya yi kafin na gane. Na ɗebo ruwan akwatin a kofi na kai masa. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya sake shinshinawa. Sannan ya sa bayan hannu ya ture sabulun ya faɗi ƙasa. Ya miƙa hannu da ƙyar, ya ɗora yatsa a jikin gilashin, kamar yatsu huɗu daga saman ruwan, ya ja layi. Ya nuna bokitin da na shigo da shi, ya nuna inuwar ƙofar ɗaki, ya kwantar da kuncinsa a tafin hannu. Iya nan za a ɗebe. Sabon kuma sai ya kwana.

Haka yake shinshina rami. Ina yaro na sha ganinsa a tsugune a bakin sabon haɗi, ruwan ya yi kumfa yana wari, ni ina ɗokin a tsoma yadi, shi kuma ya ce, "Bar shi. Bai yi ba tukuna." Kuma bai taɓa tayar da sabon rami ba tare da katsi ba, wato laka ta ƙasan tsohon rami da ake busarwa a ƙona a mayar. Daga baya da na koma wajen mai kifin, abin da ya gaya min ke nan ba ragi: ba a taɓa akwati da sabulu, ba a zubar da tsohon ruwa duka don akwai abin da ke rayuwa a cikinsa yana cinye dattin kifin, ruwan famfo kuma sai ya kwana maganinsa ya fita. Ya ce ai tun ranar farko ya faɗa min.

Amma a ranar ba kifi nake tunani ba. Ina tsaye da kofi a hannu ina lissafi. Mako uku mutumin nan yana kallona ina kashe su ɗaya bayan ɗaya, ya san dalili, yana kira ina juya shi ga bango. Wanda ya san wannan, kunnensa bai mutu ba.

Na zauna a bakin gadon. Na ce masa:

"Baba, ranar da Yaya ta kawo farfesu. Ka ji abin da na faɗa?"

Ya dube ni. Sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Na jira ko zai kawar da fuska, ko ya sake riƙe ni. Bai yi ko ɗaya ba. Bokitin ya sake nuna min. Na ɗauka na kai inuwa na ajiye, na tsaya a tsakar gida ina kallon hannuna inda yatsunsa suka yi shaida. Kunya ce ta fara zuwa, ita ce abu na farko da na ji a jikina cikin watanni, kuma ba ta zo da sauƙi ba.

Washegari na shiga ba bokiti. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, an tashi lafiya?" Na ce ya yafe min. Ya dube ni, ya dubi kifin da ke zagaye ciyawar robarsa da ransa, ya nuna min ruwan da ya kwana. Na ɗebe iya layin, na zuba a hankali yana kallo.

Wata takwas ya ƙara a duniya. Kullum na gaishe shi, kullum na nemi gafara, kullum ruwan yake nuna min. Ko ya yafe, bakinsa bai samu faɗa ba, ni kuma ban iya karanta sauran a idonsa ba. Kifin yana nan, ya kai tsawon tafin hannuna, har na sayo masa babban akwati, na juye tsohon ruwan a ciki. Duk Asabar nakan ɗora yatsu huɗu a jikin gilashin kafin in ɗiba, kuma ban taɓa wuce inda Baba ya nuna ba.