Gyare a Kunnen Hagu

Ni makaɗin mahauta ne a kasuwar Jega, kamar ubana. Idan an yanka sa mai kitse, kalanguna ne ke gaya wa gari. Ba yabon kai ba, ko daga bakin gulbi aka jiyo hannuna an san ni ne.

Ciwon ya fara ne 'yan shekaru bayan zuwan Nasara. An tara mu ƙarti aka ɗora mana akwatunan wani Bature zuwa Maiyama. Na dawo gida na ajiye gammo, amma nauyin bai sauka ba. Kaina kamar an naɗa mini rawani an matse, kunnen hagu kuma ya kama wata ƙara siririya irin kukan gyare. Na ce gajiya ce. Damina ta zo ta wuce, gyaren yana nan.

Duk wanda na gaya wa, sai in tarar ya riga ni sanin dalili. Wanzami ya ce mugun jini ne, ya yi mini ƙaho a ƙeya. Malaminmu ya ce iska ce na gamu da ita a hanya, na sha rubutu har na gaji. Wani mai ɗori a Aliero ya lalube wuyana ya ce kayan Nasara ne suka danne jijiya. Wannan bayanin ya fi yi mini daɗi, don laifin na wani ne.

Matata ce ta ɓata mini lissafi. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Maigida, wane kunne na ka kuka?”

Na ce, “Na hagu.”

“To, wace hammata kaka riƙon kalangu?”

Ta hagu ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na tsorata. In kiɗan ne, maganin shi ne in bar shi, ni kuwa ban san kaina da wani abu ba. Duk da haka na rataye kalangun a bango har aka gama girbi. Kan ya ɗan yi sauƙi, amma gida ya yi shiru, gyaren ya samu fili.

Ranar da na koma kasuwa, ina fara kiɗa ƙarar ta ɓace. Wallahi na kusa hawaye. Na zuba taken mahauta da dukan ƙarfina, sai na ga ba wanda ya ɗaga wuƙa ya amsa. Sarkin fawa ya jawo ni gefe, ya sassauta murya.

“Makaɗi, taken wa kaka yi? Wanga ba namu na ba.”

Ashe matsar da nake yi wa kalangun ta daina dacewa, kunnena bai gaya mini ba. A ranar na miƙa shi ga ƙanena.

Har yau ban san wa ya yi gaskiya ba, wanzami ko mai ɗori ko matata. Wataƙila kowa ya riƙe wani gefe. Kowace ranar kasuwa dai nakan zauna kusa da ƙanena, in juya masa kunnen hagu, don nan kaɗai nake hutawa. Shi ya ɗauka hannunsa nake aunawa. In ya gama sai ya sunkuyo ya ce, “Yaya, na yi daidai?”

Sai in gyaɗa kai. Ban taɓa gaya masa cewa na daina iya bambancewa ba.